Idan majiyyaci ya kasa zuwa Misa (ibadar cocin Katolika)

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a sanar da Fada, wato limamin coci, da wuri. Iyalai da yawa sai numfashi ya fara sarƙewa suke kira, lokacin majiyyaci ba ya iya ikirari (furta zunubansa ga Fada), ba ya iya haɗiya.

Wanda aka ba izini yana iya kawo Jibi Mai Tsarki (gurasar da aka tsarkake a Misa) gida, amma ikirari da shafa wa majiyyaci mai duk aikin Fada ne kaɗai. A tanadi ƙaramin tebur, farin ƙyalle, gicciye, kyandir da kofin ruwa. Azumin awa 1 kafin karɓar Jibi bai hau kan majiyyaci, tsoho ko mai jinyarsa ba. In haɗiya na wahala, a faɗa tun farko, a gutsuro masa kaɗan.