Kuɗin takarar kansila, akwai iyaka ne?

Ɗan Ringim:
Jama'a yayana zai fito kansila a mazaɓarmu, har ya sayar da shanu biyu yanzu kuma yana maganar jinginar da gonar gado, wallahi hankalina ya tashi. Wai doka ta ƙayyade abin da ake kashewa?

Abu Sadiq:
Dokar zaɓe ta 2022 ta sa miliyan 5 ga kansila, ciyaman miliyan 30, amma na yankunan Abuja ke nan. Naku a tambayi JISIEC, hukumar zaɓe ta jihar Jigawa, INEC ba ruwanta da shi.

Maman Hafsa:
Mu a Kano 2024 fom ɗin kansila kaɗai miliyan 5 hukumar zaɓen jiha KANSIEC ta fara yankawa, ban da fosta da man mashin da ejan-ejan ranar zaɓe. Don Allah ƙanina ku hana shi taɓa gonar nan, marayu na da haƙƙi a ciki.

Ɗan Ringim:
Na gode Yaya, zan samu Baffa da maganar bayan isha'i.