Mepul ɗina ya zubar da ganye, ina kuke ajiye naku idan sanyi ya shigo?

Maman Biyu, Ottawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu bonsai (wato ƙananan itatuwan da ake rainonsu a cikin kasko) a ƙasashen sanyi, don Allah ku taimaka min da shawara. A watan Yuni na sayi ɗan itacen mepul (maple) na Japan a cikin kasko marar zurfi, ya yi ta zamansa a baranda lafiya lau. Yanzu da Oktoba ta zo ƙarshe ganyen ya yi jajir ya fara zuba, saura 'yan kaɗan. Maigida ya ce in shigo da shi falo kusa da hita tun ƙanƙara ba ta sauko ba, mai shagon kuma ya ce kada in bari ya kwana a ɗaki. Na ga abin da Janairu ke yi a garin nan, akwai daren da sanyi ke wuce digiri 20 ƙasa da sifili. A bene muke, babu tsakar gida. Maganar wa zan bi?

Baba Tsoho, Minneapolis

Wa alaikumus salam 'yata. Ki ba maigida haƙuri, mai shago ne ke da gaskiya. Zubar ganyen nan ba ciwo ba ne, barci itacen zai shiga, kuma sai ya yi watanni biyu zuwa uku a sanyin da bai haura digiri 7 ba kafin ya iya farkawa da ƙarfinsa. Idan kika kai shi falo zai yi toho a Disamba, rassa sirara farare masu neman haske, ki yi ta murna, kafin shekara ta zagayo ya tafi.

Amma barandarki ma ba wurinsa ba ne. Mepul na Japan da aka dasa a ƙasa yana jure sanyin da ya kai wajen 20 ƙasa da sifili, saboda ƙasa tana riƙe wa saiwa ɗumi. Na cikin kasko kuwa saiwarsa a fili take, yatsa biyu ko uku na ƙasa ne kawai tsakaninta da iska, kuma da ta kai wajen 10 ƙasa da sifili ta fara mutuwa. Abin takaicin, ba za ki sani ba sai Afrilu: toho ya kumbura da abincin da ke cikin reshe, ya ɗan buɗe, sai ya yanƙwane.

Ni gareji nake sa nawa, wanda ke jingine da gida amma babu hita a ciki. Ina barinsu a waje su sha sanyin farko-farko na Nuwamba, sai ganye ya gama zuba in share matattun ganyen da ke kan ƙasar kasko in shigar da su. A kan kanta nake jera su jikin bangon gida, nesa da ƙofa. Akwai ma'aunin sanyi a tsakiyarsu, irin mai nuna mafi ƙanƙantar abin da aka kai cikin dare, burina kullum ya tsaya tsakanin sifili da 5. Duhu ba ya damunsu tunda babu ganye.

Ɗan Katsina a Leeds

Baba, a gaishe ka. Mu nan Ingila ba mu kai ku wahala ba. Nawa a waje suke kwana duk hunturu, sauke su kawai nake yi daga kan benci in ajiye a ƙasa a gindin katanga inda iska ba ta bugu. Abin da ke kashe mana itace ruwa ne. Sama ta yi ta tsiyaya mako da makonni, ƙasar kasko ta jiƙe sharkaf, sannan dare ɗaya ta daskare. Shi ya sa nake tokare gefen kasko ɗaya da ɗan katako don ruwa ya riƙa tsiyayewa.

A sanyin Disamba 2022 da ya ɗauki fiye da mako bai saki ba, na kwashe su na kai rumfar ajiyar kaya. Na Japan duk sun fita lafiya. Mepul mai ganye yatsa uku, wanda masu sayarwa ke kira trident, shi ne ya rasa rabin rassansa duk da wuri ɗaya suka kwana. Saiwarsa kauri gare ta kuma cike take da ruwa, ba ta da juriyar ta ɗan'uwansa. Duk mai irinsa ya fara ɓoye shi tun sanyi na 5 ƙasa da sifili.

Injiniya, Calgary

Baba, da girmanka, ni gareji ya fita raina. Nan muna da iskar nan mai ɗumi da ake kira chinook, tana gangarowa daga duwatsu a tsakiyar Janairu, cikin yini ɗaya gari ya tashi daga tsananin sanyi ya koma ana yawo ba riga mai nauyi. Gareji ya ɗumame, itace ya zaci lokaci ya yi, bayan kwana kaɗan sanyi ya dawo ya same shi ido buɗe. Ga mota da ke shiga da injin da zafi, ga ƙofa a buɗe a rufe.

Binnewa nake yi. A arewacin gida inda rana ba ta kaiwa nake haƙa rami tun ƙasa ba ta ƙanƙare ba, in sa kaskon har baki, in rufe da ɓawon itace da aka daddatsa har ya haura gindin reshen farko. Duk lokacin da na share dusar ƙanƙara daga hanya, can nake tara ta. Babu bargon da ya kai ta, a ƙarƙashinta sanyi ba ya hawa da sauka. Sharaɗi ɗaya: kada a zuba wadda aka kwaso daga inda aka watsa gishiri.

Gaskiya dai a sanyi irin namu mepul na Amur ya fi sauƙin riƙo, shi da ma ɗan yankin Siberiya da arewacin Sin ne. Na Japan ɗin guda ɗaya gare ni, kuma duk shekara da fargaba nake tono shi.

Baba Tsoho, Minneapolis

Injiniya, ba ka faɗa mata ɓeraye ba. Ƙarƙashin dusar ƙanƙaran nan da kake yabo nan ne hanyarsu. Wani maƙwabcina ya tono nasa a Afrilu ya tarar an gaigaye ɓawon gindin zagaye guda, fari tas, haƙoransu jere a jiki. Itacen da aka yi wa haka da wuya ya tashi. Wanda zai binne ya kewaye da ragar ƙarfe mai ƙananan ido, har ta sama.

Injiniya, Calgary

Haka ne Baba, raga dole ce. Amma garejin ma ai suna shiga.

'Yar Damagaram, Munich

Duk kun manta baiwar Allah ta ce a bene take. Yaya, ni ma haka nake, ga abin da nake yi. Na samo babban akwatin farin soso irin wanda masu kifi ke zuba kaya, na huda ƙasansa don ruwa ya fita, na sa kaskon a ciki na cike gefe da gefe da busassun ganye da ɓawon itace. Akwatin yana jikin bangon ɗaki a kusurwar baranda, ba kan siminti kai tsaye ba, kan katako. Gaba kuma na kare da labulen leda saboda iska, amma ban rufe ruf ba, don rana in ta haska cikin leda zafi yake yi sosai.

Sai dai in faɗa miki gaskiya, sanyinmu bai kai naku ba, kuma soso ba ya ƙirƙirar ɗumi, jinkirta sanyi kawai yake yi. In aka jera kwanaki a 20 ƙasa da sifili, cikin akwatin ma zai kai can. A Ottawa ba zan dogara da shi shi kaɗai ba. Ki tambayi 'yan'uwa masu gida ko wani zai ara miki kusurwar gareji, ko ki nemi ƙungiyar masu bonsai ta garinku, su suka san inda ake kaiwa.

Abin da ya fi ba ni wuya ma ba Janairu ba ne. Afrilu ne da farkon Mayu, lokacin da sabon ganye ya fito laushi-laushi, sai a wayi gari raɓa ta daskare a kansa, kafin azahar ya yi baƙi ya rataye. Jamusawa suna da wasu kwanaki daga 11 zuwa 15 ga Mayu da suke cewa sai sun wuce ake sakin jiki da sanyi, tsofaffin unguwarmu ba sa fitar da tumatir kafin nan. Ni a makonnin nan kullum sai na duba hasashen yanayi bayan isha'i, in an ce za a kusa sifili in shigar da shi matakalar bene, da safe in fitar.

Maman Biyu, Ottawa

Allah ya saka da alheri. Akwai wata ƙawata mai gareji a bayan gari, ta ce in kawo. To ruwa fa? Ana ba shi ko a bar shi har ya farka?

Ɗalibi a Saitama

Hajiya, ana ba shi. Ina zuwa unguwar Omiya a nan Japan a ƙarshen mako, inda masu lambunan bonsai suka taru tun 1925 bayan girgizar ƙasar 1923 ta tashe su daga Tokyo. Ko a Janairu za ki ga ma'aikata da butar shayarwa mai dogon baki suna bi kasko-kasko, suna duba fuskar ƙasa kafin su zuba. Hunturun nan busasshe ne, iska kuma tana zuƙe ruwa daga ƙananan rassa ko babu ganye. Da hantsi suke bayarwa, don ya tsiyaye kafin dare. In ƙasar ta daskare ba a zubawa, sai ta saki.

Kuma a nan ba a ganin itacen da ya zubar da ganye a matsayin abin ɓoyewa. Babban baje kolin bonsai na Kokufu da ake yi a unguwar Ueno ta Tokyo a watan Fabrairu yake, kuma tsirara ake kawo mepul, don a lokacin ne ake ganin aikin shekaru da aka yi wa rassa.

Baba Tsoho, Minneapolis

Ɗalibi ya faɗi daidai. Ki roƙi ƙawar taki duk bayan mako biyu ta tura yatsa cikin ƙasar, in ta ji bushewa ta zuba kaɗan. Ni dunƙulen dusar ƙanƙara nake ɗorawa a kan kasko, ranar da gareji ya ɗan saki ta narke a hankali. Taki kuma ki daina tun yanzu. Kada ki yanke reshe a Fabrairu ko Maris, lokacin ruwan jikinsa ya fara hawa, zai yi ta zuba daga wurin yankan. In akwai aski, yanzu da ganye ya gama zuba ne lokacinsa.

Mai Lambu, Jos

Ina ta karatu ina sha'awa. Mu ma fa muna da sanyi a nan, Disamba da Janairu har wuta ake ji. Ƙanena zai dawo daga Ingila, in ce ya riƙo min guda?

Ɗan Katsina a Leeds

Malam, kada ka sa shi asara. Sanyin Jos na dare ne, da rana ta ɗaga ya tafi, shi kuma itacen nan so yake sanyin ya zauna dare da rana tsawon watanni. Zai yi maka shekara ɗaya ko biyu yana ja da baya. Ga kuma takardun lafiyar tsirrai da ake nema kafin a ƙetare iyaka da itace mai ƙasa a jiki. Na ji masu ƙasashen zafi na sa shi a firji wata uku, amma da wutarmu ta gida, ka san sauran. Ka nemi tsamiya ko cediya ko ƙaramar kuka, duk ana yin bonsai da su, kukar ma tana zubar da ganye da rani ka ga rassanta.

Mai Lambu, Jos

To shi ke nan. Akwai 'yan tsamiya da suka tsiro a bayan gida, bari damina ta faɗi in tono guda biyu. Wa ya san irin ƙasar da ake haɗa musu?