Mahaifiyarmu ta ƙi yarda kowa ya taɓa ta sai ƙanwata

Jama'a, don Allah ina neman shawara. Mahaifiyarmu shekarunta 79, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita tun bara, magana ma da ƙyar. Likita ya ce a riƙa juya ta duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya fito mata a ƙugu da diddige.

Matsalar ita ce ba ta yarda da hannun kowa sai na ƙanwata. Mun ɗauko mai jinya, Mama ta datse baki ta ƙi shan magani, ta juya fuska bango tana hawaye. Ni ma da na zo yi mata wanka, hannunta mai lafiyar ta sa ta riƙe mayafinta gam.

Ƙanwata kuwa ta galabaita. Wata 8 ba ta samu barcin kirki ba, bayanta na ciwo saboda ɗagawa. Shekaranjiya na tarar da ita tana gyangyaɗi da cokali a hannu. Ba ta ƙorafi, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Waɗanda suka taɓa irin wannan jinyar, yaya kuka saba wa tsohuwa da sabon hannu ba tare da tilas ba?