Shawarwarin da aka bayar kan gudun fanfalaki na farko

'Yan uwa, hirar da aka yi kan yadda sabon shiga zai tunkari gudun fanfalaki ta yi tsawo, shi ya sa na tattaro abin da waɗanda suka taɓa kai ƙarshen gudun suka faɗa.

1. Nisan kilomita 42.195 ne. Kusan kowa ya ce sabon shiga na buƙatar atisayen wata huɗu zuwa biyar, ana ƙara nisa sannu a hankali, a sassauta a mako biyu ko uku na ƙarshe.

2. Batun da aka fi daɗewa ana tattaunawa a kai shi ne abin da ke faruwa tsakanin kilomita 30 da 35. A nan sukarin da jiki ya adana a tsoka da hanta yake ƙarewa, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse, zuciya ta riƙa raya maka ka tsaya. Da yawa sun ce tun daga farko suka jawo wa kansu: ihun 'yan kallo a bakin titi ya ɗebe su, suka tashi da saurin da ba su saba ba. Wannan gargaɗin ya fi shiga raina.

3. Kada a sa sabon takalmi ranar gudu. Babu wanda ya musa.

4. Kan ruwa an rabu. Wasu na kurɓa a kowace tasha, wasu sai sun ji ƙishi. Amma duk sun yarda yawan sha na iya rage gishirin jini, kuma yana da haɗari.

5. Wasu na ganin sassautawa a yi tafiya na minti ɗaya yana dawo da ƙarfi. Wasu sun ce da zarar sun tsaya, ƙafa ba ta sake tashi.