Faɗuwar gaba ta hana ni sakat: in ajiye maganin likita in koma babunaj?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamar firamare ce, shekarata 34, kuma kusan wata takwas ke nan ina fama da faɗuwar gaba ba tare da wani dalili ba, har takan tashe ni cikin dare zuciyata tana dukan uku-uku, tafin hannuna yana zufa. An yi mini gwajin jini da na maƙoƙo da na zuciya, duk an ce lafiya lau, kuma na daina shan shayi da cin goro tun bayan sallar layya. Likita ya rubuta mini satralin, ya ce sai ya yi mako huɗu zuwa shida kafin in ga amfaninsa, amma yau kwana tara ina sha, abin sai ƙaruwa yake yi. Ƙanwar maigidana ta kawo mini furen babunaj, wanda Turawa suke kira kamomil, da kwalbar ƙwayoyin ashwaganda, wani tsiron maganin gargajiya na Indiya, ta ce su ne suka taimake ta. Ranar Alhamis zan koma asibiti. Shin in ajiye na likita in gwada waɗannan, ko in haɗa su? Ina shayar da yaro ɗan wata goma sha ɗaya.

Baffan Yara:
Wa alaikumus salam. Malama, ki daina shan shayi mai kauri da cin goro, sannan ki je a duba miki maƙoƙo, domin ni abin da aka gano mini ke nan bayan na yi shekara guda ina zaton ciwon zuciya ne.

Hajiya Babba:
'Yata, Allah ya ba ki lafiya. Ki riƙe azkar na safe da na yamma, kuma ki samu garin sha'ir ki riƙa dama talbina da madara da zuma, domin ya zo a Bukhari daga Nana A'isha cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya kuma tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Da ita na rayu lokacin da nake takaba.

Mai Haɗa Magani:
Malama, shekara goma sha biyu ina aikin harhaɗa magunguna, kuma ganyen da aka kawo miki ba tatsuniya ba ne. A cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarin da ake kira GABA, wanda aikinsa shi ne rage wa jijiyoyi gudu kamar yadda birki yake yi wa mota. Magunguna irin su dayazefam suna mannewa a mashigar da GABA yake sauka su ƙara masa ƙarfi, shi ya sa suke kwantar da mutum nan take, shi ya sa kuma jiki yake sabawa da su. Furen babunaj yana ɗauke da sinadarin apijenin, wanda aka ga yana mannewa a wannan wurin, sai dai riƙonsa ba shi da ƙarfi. A 2009 masu bincike a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka sun gwada shi a kan mutum 57 na tsawon mako takwas, kuma waɗanda suka sha sun samu sauƙi matsakaici fiye da waɗanda aka bai wa ƙwayar da babu magani a cikinta. Amma tataccen sinadari suka bayar a cikin kafso mai awo, ba furen da aka jiƙa a kofi ba. A Jamus ma akwai kafson man wani fure mai ƙamshi da ake kira labanda, mai miligiram 80, da ake sayarwa don damuwa. Shi kuwa satralin a kan wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna serotonin yake aiki a hankali, kuma ƙaruwar fargaba a makon farko da na biyu abu ne sananne da yakan wuce.

Autan Inna:
Duk wanda ya ce ganye ba ya cutarwa bai ga abin da na gani ba. Mahaifiyata ta fara rasa barci bayan rasuwar mahaifinmu, sai wata maƙwabciya ta haɗa mu da wani mai magani da yake kafa tebur kusa da tasha, wanda ya ba mu wani jiƙo a jarka ya rantse mana cewa saiwa ce da sassaƙe zalla. Daren farko ta yi barci har rana ta fito, muka yi ta godiya, ni da kaina na ƙara masa kuɗi. Wata huɗu tana sha safe da dare, tana tafiya tana layi, tana manta abin da ta faɗa, mu kuwa muna cewa tsufa ne. Rana ɗaya mutumin ya ɓace, jarka ta ƙare. Kafin mako ya zagayo hannunta ya fara rawa, ta daina barci gaba ɗaya, ranar Juma'a da asuba ta faɗi tana jijjiga a bakin rijiya ta karya ƙugu. A asibiti aka gwada fitsarinta aka ga sinadarin dangin dayazefam, wato ƙwayoyi yake niƙawa yana zubawa a cikin ruwan sassaƙe. Yau shekara biyu ba ta taka ƙasa da ƙafarta ba, kuma ni ne na riƙa sayo mata da hannuna.

Hajiya Babba:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Kada ka ɗora wa kanka laifi, ɗana.

Jikan Wanzami:
Allah ya ba Inna lafiya, amma abin da ya same ta aikin ɗan damfara ne, kuma a ƙarshe maganin Bature ne ya kayar da ita. Kakana ya yi shekara hamsin yana ba da magani, ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Ban ga dalilin da za a ce sai mai takardar jami'a ne kaɗai zai yi magana ba, alhali shi ma kantinsa yake so a je.

Mai Haɗa Magani:
Malam, ban raina kakanka ba, kuma na tabbata shi da kansa ba zai bai wa kowa zaƙami ba tare da awo ba, domin ya san ganye ne amma yana juya hankali. Maganata a kan awo ce da sanin abin da yake cikin kwalba.

Jikan Wanzami:
To, mutum 57 ne suka fi dubban da suka sha a hannun kakanninmu?

Uwar Ɗaki:
Ni dai babunaj ya yi mini amfani wajen barci, ko da yake bai hana ni faɗuwar gaba da rana ba. Ina sayen ƙulli a kantin magungunan Musulunci a kan naira 1,500, yakan yi mini mako biyu.

Baffan Yara:
Uwar Ɗaki, wannan ba na gaske ba ne. Ni kwali mai ƙunshi ashirin na saya naira 6,000 a babban kanti.

Ɗan Maraɗi:
A nan wurinmu jaka guda ta sefa ake cika maka leda, kuma mai sayarwar ya ce daga Masar ake kawo shi.

Sarkin Zolaya:
Ni a binciken da na gudanar a kan kaina, babu tsiron da ya kai ƙarar shigowar alat saurin kwantar da faɗuwar gaba, sai dai illarsa ita ce amfaninsa yakan gushe kafin goma ga wata.

Maman Biyu:
Na gode muku duka, Allah ya ba Inna lafiya. Sai dai har yanzu ba a ce mini komai game da shayarwa ba, kuma ita ce ta fi damuna.

Mai Haɗa Magani:
Ki gafarce ni, Malama. Ashwaganda ki ajiye ta, domin ba a ba mai shayarwa shawarar shanta, an samu waɗanda ta taɓa wa hanta, tana iya motsa maƙoƙo, kuma ƙasar Denmak ta hana sayar da ita a 2023. Satralin yana cikin waɗanda likitoci suka fi zaɓa wa mai shayarwa. Ki tafi da furen da kwalbar ranar Alhamis ki nuna wa likitan kafin ki canza komai.

Autan Inna:
Idan ta samu ganinsa ke nan. Mu da muka kai Inna sashen ƙwaƙwalwa, tun ƙarfe shida na safe muke kan layi, ba a kira mu ba sai bayan azahar, likitan bai yi minti biyar da mu ba, sannan aka ba mu ranar dawowa bayan wata uku. Mai tebur a tasha kuwa zai ba ka kujera ya saurare ka har ka gaji.

Uwar Ɗaki:
Ni layin bai dame ni ba kamar bakin mutane. Sau ɗaya wata ta gan ni ina fitowa daga wannan sashen, kafin in isa gida labari ya kai wa dangin mijina cewa na taɓu. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma a unguwarmu har gobe asibitin mahaukata ake kiran wurin.

Baffan Yara:
Kuma motocin nan masu lasifika suna yawo a kasuwa suna tallar kwalba guda mai maganin basir da sanyi da damuwa. Wa yake ba su izini?