Kik na juyawa, injin ya ƙi kamawa

Mai Corolla: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina nan wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, mota ta ƙi tashi. In na murɗa mabuɗi kik na juyawa lafiya lau, amma injin ba ya kamawa. Mai rabin tanki ne. Wani yaro bakanike ya ce birenbos, wato kwamfutar motar, ne ya ƙone, wai a kwance a kai Kano.

Direban Daura: Wa alaikumus salam. A samu yara su tura ta mana, Alhaji.

Mai Corolla: Otomatik ce, Malam.

Mai wayarin: Alhaji, don Allah kar ka bari kowa ya kwance komai tukuna. Akwai wata 'yar jar fitila da ke ƙyaftawa a dashbod idan ka zare mabuɗi. Sa mabuɗin yanzu ka duba, ta mutu ko tana ci gaba?

Mai Corolla: Tana ta ƙyaftawa, ga mabuɗin a ciki.

Mai wayarin: To birenbos ɗinka lafiyarsa lau. Motar ce ba ta gane mabuɗin ba. A cikin baƙin kan mabuɗin akwai ɗan cif, bai fi ƙwayar shinkafa da yawa ba. A bakin inda kake zura mabuɗi kuma akwai zoben waya da ke karanta lambarsa. In lambar ta yi daidai fitilar ta mutu, kwamfuta ta saki mai da wuta. In ba ta yi ba, ko kwana za ka yi kana murɗawa batir kawai za ka kashe. Ko mai giyar hannu ce turi ba zai tada ta ba.

Hajiya mai Sienna: Ko batirin rimot ɗin ne ya mutu? Ni da tawa ta yi haka CR2032 kawai aka canza.

Mai wayarin: Ranki ya daɗe, taki ai ta danna maɓalli ce. Irin wannan in batirin ya mutu, sai a taka birki, a manna rimot ɗin a jikin maɓallin, a danna, za ta tashi. Ta Alhaji ta murɗawa ce, cif ɗinta ba ya amfani da batir, daga zoben nan yake samun wuta. Alhaji, kwanan nan wani abu ya sami mabuɗin?

Mai Corolla: Kansa ne ya tsage, na daɗe ina naɗe shi da salatif. Ɗazu na ba yaro ya je bakin kasuwa aka sa masa sabon gida.

Mai Peugeot 406: Innalillahi. Ai shi ke nan, an bar cif ɗin a tsohon gidan. Masu canza gidan nan ƙarfen da rimot ɗin kawai suke ɗauka. Cif ɗin yana maƙale a wani ɗan lungu, baƙi ne kamar robar, wani kuma ɗan gilashi ne, in ba ka san da shi ba ba za ka kula ba. Maza a koma kafin a share shagon.

Direban Daura: Ni tawa tuni na sa aka manna cif ɗin da gam a jikin zoben, na yanko mabuɗai uku masu arha. Ban sake jin ciwon kai ba.

Mai wayarin: Haba Malam. Ai kai ka buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunka, duk ƙarfen da ya murɗa zai tada ta. Sannan zafin Katsina a watan Afrilu, mota ta wuni a rana, gam ya saki, cif ya faɗa cikin sitiyari kana tsakiyar hanya wajen Mashi. Na sha kwance irinsu.

Direban Daura: Wa zai saci wannan tsohuwar?

Mai Peugeot 406: Masu kayan gyara.

Malamin makaranta: Ni tambayata, me ya sa motocin Kwatano kusan duk suna da abin nan, amma tsofaffin 504 babu?

Mai Peugeot 406: Doka ce a can. Jamus da Ingila tun 1998 suka wajabta shi a sabbin motoci, shi ya sa 'yan Beljiyam, wato motocin Kwatano, suke zuwa da shi. Peugeot ma har da wani kati mai lambar sirri guda huɗu take zuwa, da ita ake haɗa sabon mabuɗi. Sai dai kafin mota ta iso nan katin ya bi ruwa.

Hajiya mai Sienna: In ba a samu cif ɗin ba fa?

Mai wayarin: In akwai mabuɗi na biyu abin da sauƙi, a sayi sabo a sa kwamfuta a haɗa shi da motar. Amma a duba jikin ƙarfen kusa da kan, na Toyota wani za ka ga ɗigo, wani G, wani H. Ba a sa wani a madadin wani, kar a je Ƙofar Ruwa a sayo wanda ba shi ba. In kuwa duka sun ɓata, nan ne aiki yake da tsada, don sai an taɓa kwamfutar. Kuma mai aikin kirki zai nemi takardun mota kafin ya fara. Wanda bai tambaye ka ba, ni ba zan bar masa mabuɗina ba.

Malamin makaranta: A ƙara da wannan: kar a haɗa mabuɗai biyu masu cif a zobe ɗaya, suna rikita juna. Honda ɗina koriyar fitilar mabuɗi ta riƙa ƙyaftawa, sai da na raba su ta daina.

Mai Corolla: Yaron ya kira, mai shagon ya ce ya zuba tsohon gidan a kwalin shara, suna tonawa. Na biyun kuma yana wajen uwargida, ta tafi biki Daura.

Direban Daura: Ina tasha yanzu, saura mutum biyu mu cika. Turo min lamba ta bayan fage, a kawo min shi in taho maka da shi kafin la'asar.

Mai wayarin: Kafin nan Alhaji ka daina murɗa ta, kar mu gama da mabuɗi mu koma neman batir.