Neman kalma: "pastries" da jakar manyan mata, kafin ƙarfe 4

'Yar Fagge: Salamu alaikum. Don Allah a agaza min. Ƙarfe 4 za mu ɗauki shirin mata a gidan rediyo, an miƙo min rahoton Turanci kan hutun masu hali a Paris in mayar da shi Hausa. Hasumiyar Eiffel da gidan tarihi na Louvre ba su ba ni wahala ba. Uku ne suka tsaya min a wuya: "sightseeing", "pastries" da "luxury handbag". Matar da ke cikin rahoton ta yi safiya tana zaga gari, ta tsaya cin abin zaƙi a shagon Ladurée da ke titin Champs-Élysées, ta ƙare da sayen jaka. Na rubuta "kayan fulawa", sai na ji kamar cewa nake ta je Paris cin cincin da fanke.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Na farko yawon buɗe ido ne, a wuce wurin.

Malam Na-Zazzau: Ba a wuce ba tukuna. Yawon buɗe ido shi ne tafiyar dungurungum, daga hawa jirgi har dawowa gida. Abin da yarinyar nan ta tambaya guntu ne a ciki, fitar safe a tsaya gaban gini a ɗau hoto. Sa "yawon kallon gari".

Hajiya Mai Gara: Ko ki ce ta fita ba idonta abinci. Shirin mata ne ai, ba labaran ƙarfe 7 ba.

'Yar Fagge: Na ɗauki na Malam, na gode. Saura biyu.

Hajiya Mai Gara: Ƙanwata, na biyun kam muna da shi tun kaka da kakanni. Alkaki, dubulan, nakiya, gireba, bakilawa, duk kayan gara ne. Bakilawa ma shafi-shafi ake yin ta kamar nasu.

'Yar Fagge: Hajiya in na ce ta ci kayan gara, masu saurare za su kira su tambayi wa aka aurar.

Ɗan Damagaram: Matsalar daga Turancin take, ya zuba abu biyu a buhu ɗaya. Faransawa sun raba. Akwai "viennoiserie", na karin kumallo, kwaɓi mai yis da man shanu, irin su kurwasan. Akwai "pâtisserie", na zaƙi zalla mai kirim da cakulan. Mu nan Nijar gato muke ce wa na zaƙin, kurwasan kuma kurwasan ne, ko yaro ya sani. Sannan in Ladurée ta shiga, makaron ta ci, don da shi aka san su. Shi kuwa garin almon ne da farin ƙwai da sukari, babu alkama a ciki. Kin ga "kayan fulawa" ya faɗi ke nan.

Malam Na-Zazzau: Gato! Kurwasan! Wato mun gudu daga Bature ɗaya mun faɗa hannun wani. Ita kalmar "croissant" jinjirin wata take nufi, saboda siffarsa. Me ya hana mu yi abin da suka yi, mu dubi siffa mu raɗa suna? Na daɗe da ajiye kalma a kan wannan: lanƙwasau. Daga lanƙwasa, a gina shi kamar mantau da makarau. Duk Bahaushen da ya ji, ya ga abin a idonsa.

Hajiya Mai Gara: Allah ya gafarta Malam, ni da na ji lanƙwasau, wani tsoho na gani riƙe da sanda.

Ɗan Damagaram: Malam, da girmanka, akwai gyara. A shagunan burodi na Paris, yawanci wanda aka yi da man shanu tsantsa miƙaƙƙe ne. Lanƙwasasshen shi ne na majarin, mai araha. Wato sunanka ya kama na talaka ya bar wanda matar nan ta ci.

Malam Na-Zazzau: To ai su ma jinjirin wata suke ce wa miƙaƙƙen, ba wanda ya kai su kotu. In su an yafe musu, ni ma a yafe min. Lanƙwasau dai.

Ɗan Damagaram: Su ma aro suka yi. Asalinsa daga Biyana ne ta ƙasar Ostiriya, shi ya sa suke kiran rukunin "viennoiserie". Ba su ji kunyar faɗin inda suka samo ba. Kuma Malam, fulawa kalmar wa ce? Fanke fa? Alkaki da gurasa da bakilawa daga Larabawa suka zo. In za a kori baƙi, garar Hajiya nakiya kaɗai za ta rage.

Malam Na-Zazzau: Waɗannan sun yi shekaru a gida, sun biya kuɗin zama. Ku kuwa can kun cika mana harshe da lekol da mushe.

Ɗan Damagaram: Ku da kuke cewa firamare da hedimasta?

'Yar Fagge: Don girman Allah, ƙarfe 2 da rabi. Jaka, jama'a, jaka.

Hajiya Mai Gara: Jakar kece raini. Ba wata mace daga Kano har Maraɗi da za ta nemi ƙarin bayani.

Malam Na-Zazzau: Wannan maganar gidan biki ce. "Luxury" alatu ne: jakar hannu ta alatu.

Hajiya Mai Gara: Alatu sai a ɗauka kujeru da labule ake nufi, Malam. Kuma kece rainin shi ne ainihin aikin jakar. Jakar Birkin ta kamfanin Hermès ba wai ki shiga da kuɗinki a miƙo miki ba ne, sai sun ga dama, kuma dubban Yuro ake magana. Ta farkon da aka yi wa mawaƙiya kuma 'yar fim Jane Birkin, a 2025 aka yi gwanjonta a Paris kan Yuro miliyan 8.6. Wa zai biya wannan don ya zuba turare da makulli?

Baduku: Ina ta karatu shiru, amma an zo fagena. Me ya sa duk kuka tsaya kan "jaka"? Muna da zabira, muna da gafaka, muna da burgami, muna da alabe, kowace da aikinta. Shi Hermès ɗin da ake ta rawar jiki a kansa, a 1837 da kayan doki ya fara. Baduku ne kamar kakana. Louis Vuitton a 1854 akwatin tafiya yake haɗawa. Kuma jar fatar akuyar Sakkwato da ake jemewa a nan, ayari ya riƙa haye Sahara da ita, Turawa suna saya suna kiranta fatar Maroko. Sunan ma ba su bar mana ba. A rubuta zabirar alfarma, ko mutane sa tuna.

Hajiya Mai Gara: Yayana, zabira ta wanzami ce. In ce ta sayi zabira a Paris, ƙaho za ta je yi?

Baduku: Ga shi nan. Namu abin dariya, nasu abin alfahari. In kika ga ɗinkin hannu na Ƙofar Wambai kika taya, rabin kuɗi za ki ce.

Hajiya Mai Gara: Ni ban raina sana'arku ba, duk takalman sallar jikokina a can nake saya. Kalma ake nema.

Malam Na-Zazzau: Ina tare da Baduku a zuciya, amma zabira ba za ta ɗauka ba. "Alfarma" ɗin nasa dai ta fi alatuna zama a kunne, wannan na yarda. Lanƙwasau kuwa ban janye ba.

'Yar Fagge: Ga abin da na miƙa: "Ta yi yawon kallon gari, ta karya da kurwasan, wato burodin man shanu mai shafi-shafi, da sauran kayan maƙulashe, sannan ta sayi jakar hannu ta alfarma." Makaron na cusa shi cikin maƙulashe. "Pastries" ɗin kanta ban samu kalma ɗaya ba, zagaye ta na yi.

Ɗan Damagaram: Ba laifi. Da gato kika sa da kin huta.

Baduku: Rabin maganata aka ɗauka, to.

'Yar Fagge: An ɗauka, alhamdu lillahi. Sai dai mai gabatarwa ba ta taɓa ganin kalmar ba, ta karanta "ta karya da kwarkwasa". Sau uku muna sakewa, mai ɗaukar sauti har da hawaye.

Malam Na-Zazzau: Lanƙwasau da sau ɗaya za ta karanta shi.